Wa Kake Ɗinka Wa? Littafin Da Bai Buɗu A Shagari Ba, Ba A Wallafa Shi Ba

Wannan makon ni aka ba dama, kuma tun yanzu ina neman afuwar duk wanda maganata za ta sosa wa rai, don faɗa na zo yi. Sai dai ku sani ni ne mutum na farko da faɗan ya shafa.

Bara mu 'yan ƙungiya muka haɗa kundin gajerun labarai. Saboda tsoron masu kwafe littafi su watsa a WhatsApp, muka yanke shawarar kada mu fitar da shi a fayil, gara mu mayar da shi manhajar waya. Muka yi karo-karo, muka ba wani matashi mai haɗa manhaja a cikin garin Sakkwato. Ya gama, ya nuna mana a wayarsa, muka gwada a namu, komai ras. Aka yi taron ƙaddamarwa, aka ɗauki hotuna, aka sha lemo, aka watse.

Bayan mako biyu biki ya kai ni Shagari. Akwai ƙanwata, 'yar kawuna, wadda in ana maganar karatun littattafan Hausa ko kusa ban kama ƙafarta ba. Tun kafin in zauna ta miƙo mini wayarta, ƙaramar itel mai shafawa, ta ce in tura mata. Na tura ta Xender, waya ta ƙi karɓa. Na goge mata hotuna don a sami wuri, na sake turawa, ta ƙi. A karo na uku ta karɓe wayarta tana dariya, ta ce, "Yaya, wanga abu naku na masu manyan wayoyi na, ba namu ba."

A hanyar dawowa na sauka a Bodinga wurin wani mai cajin waya, irin masu zuba wa mutane fina-finai da waƙoƙi a mimori. Na roƙe shi ya gwada mini a wayoyin da masu su ke zaune a rumfar. Wasu suka karɓa, mafi yawa suka ƙi. Ya dube ni ya ce, "Malam, da littafin kawai ka kawo da yanzu na raba ma shi ga mutum ashirin."

Na yi difloma a fannin kwamfuta, ya kamata a ce na hango wannan tun kafin mu biya ko sisi. Ban hango ba, saboda ni ma wayata nake kallo. Abin da nake so mu tattauna yau ke nan: mun zama teloli masu ɗinka wa kowa riga da awon jikinmu, in ta ƙi shiga wuyan mutum mu ce laifin wuyansa ne.

YADDA ABIN YAKE A WURIN MASU MANHAJA

Ku ɗan yi haƙuri da ni, bayanin ba shi da wuya, kuma a cikinsa hujjata take.

Mai haɗa manhaja rubutu yake yi, kamar ni da kai. Wannan rubutun shi ne tushe. Amma ƙwaƙwalwar na'ura ba ta karanta shi yadda yake, sai an bi da shi ta cikin wata manhaja da ke juya shi zuwa umarnin da na'urar ke ganewa. Wannan juyawar ita zan kira harhaɗawa. Matsalar ita ce kowane dangin ƙwaƙwalwa da nasa harshen. Yawancin kwamfutocin cinya da ke hannunmu ƙwaƙwalwar Intel ko AMD gare su, dangin da ake kira x86-64. Wayoyinmu kuwa, Tecno ce ko itel ko Infinix ko Samsung, dangin ARM ne, wanda wani kamfani da ke Kambirij ta Ingila ke zana tsarinsa, kamfanoni irin su MediaTek da Unisoc da Qualcomm su ƙera. Abin da aka harhaɗa don kwamfuta ba zai motsa a waya ba.

Shi kansa ARM ɗin gida biyu ne: akwai mai bit 32, akwai mai bit 64. Wayoyi masu araha da yawa, musamman masu Android Go, wanda Google ya fito da shi a 2017 don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi, a tsarin bit 32 suke aiki. Irin wannan waya ba ta iya ɗaukar manhajar da aka harhaɗa don bit 64 kaɗai. Ta ɗaya gefen kuma akwai sababbin wayoyi, kamar Pixel 7 ta 2022, da ba sa karɓar ta bit 32. Ka ga ke nan masu karatunmu a gidajen biyu suke.

To yawanci ba a kan waya ake harhaɗa manhajar waya ba. A kan kwamfuta ake yi, a gaya wa kayan aikin cewa abin da za su fitar na wata na'ura ce daban. Wannan shi ne harhaɗawar ƙetare: kana zaune a kan inji ɗaya, kana gina wa wani injin. Tela ne a Sakkwato aka aiko masa da awon yaro daga Kajiji. Bai ga yaron ba, ba zai gwada rigar a jikinsa ba, don haka dole ya riƙe awon da kyau.

Sai magana ta biyu. Babu manhajar da ke tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Wannan tana dogara da wadda ke nuna hoto, waccan da wadda ke jera haruffa, ita ma waccan tana dogara da wasu. Shi ya sa aka ƙirƙiro manhaja mai kula da ƙunshi. Kowace manhaja ana naɗe ta a ƙunshi guda, a manna mata takardar da ta lissafa sunanta, da irin na'urar da aka yi ta dominta, da duk abin da take dogaro da shi. Kai dai ka ce kana son kaza, mai kula da ƙunshi ya karanta takardar, ya shiga rumbu ya kwaso duk abin da ake buƙata. A tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, sunan mai wannan aiki apt. Debian 12 da ta fito a watan Yuni na 2023 tana da ƙunshi sama da 60,000, kuma an tanade ta don dangin na'ura tara.

Inda aikin ƙetare ke da sarƙaƙiya shi ne kaya iri biyu kake buƙata a lokaci guda. Akwai kayan aikin da dole su yi aiki a kan kwamfutarka, su ne keken ɗinki da almakashi. Akwai kuma waɗanda za su shiga jikin manhajar su tafi da ita can, su ne yadi da zare, dole su kasance na waccan na'urar. In ka cakuɗa su aiki ya lalace. Tun Debian 7 ta 2013 aka tsara yadda kayan dangi daban-daban za su zauna a kwamfuta ɗaya, kowane dangi da ɗakinsa. Ka rubuta dpkg --add-architecture armhf, ka shaida wa tsarin kana son kayan ARM mai bit 32, daga nan apt ya san wanne zai ɗauko na gida, wanne na baƙo. Masu Termux, manhajar da ke kawo irin waɗannan kayan aiki cikin wayar Android, ta wannan hanyar ƙetare suke harhaɗa ƙunshinsu don dangi huɗu: ARM biyu, na Intel biyu. Nix da Guix su ma suna da hanyar da za ka ambaci na'urar da kake nufi, su gina mata tun daga tushe.

A ɓangaren Android abin ma ya fi sauƙi. Sunayen gidajen biyu armeabi-v7a da arm64-v8a, kuma a fayil ɗin tsara aiki ake lissafa waɗanda ake so. Da na koma na bincika tamu manhajar, gida ɗaya na tarar a ciki, na bit 64, irin wayar wanda ya haɗa ta da irin namu. Layi ɗaya ne ya shiga tsakanin labarina da ƙanwata. Ban ɗora wa matashin laifi shi kaɗai ba. Bai tambaye mu su wa za su karanta ba, mu ma ba mu gaya masa ba.

Akwai wani tarkon kuma da ya shafi garuruwanmu kai tsaye. Tun watan Agusta na 2021 sababbin manhajojin da ake ɗorawa a Play Store a dunƙule ake miƙa su, shagon ya yanko wa kowace waya gutsuren da ya dace da ita. Ga mai data wannan alheri ne, don abin da zai sauke ya ragu. Amma a Danchadi da Dingyadi da Dandin Mahe, manhaja daga hannu zuwa hannu take tafiya, wannan ya tura wa wancan. Gutsuren da aka yanko don wayarka, sau da yawa ba ya zama a wayar maƙwabcinka. Wanda ya san yadda mutanenmu ke samun manhaja zai nemi a fitar masa da cikakken fayil guda mai ɗauke da gidajen biyu, ko da ya ɗan fi nauyi.

Darasi na ƙarshe daga wurinsu: abin da ka harhaɗa don wata na'ura ba ka iya gwada shi kai tsaye a kan taka. Ko dai ka yi amfani da manhajar kwaikwayo irin QEMU, ko ka nemo ainihin na'urar ka gwada. Ƙwararru ba sa cewa aiki ya kammala don kawai harhaɗawa ta ƙare ba tare da kuskure ba.

INA RUWAN MARUBUCI?

Ga inda abin ya fi ba ni haushi. A rumbun Debian akwai wani rukunin ƙunshi da ba a harhaɗa shi don kowace na'ura daban. A gurbin da ake rubuta dangin na'ura, kalmar da ke nufin "duka" ake sa masa. Littattafan bayani, da ƙamus na gyaran rubutu, da zanen haruffa, a nan suke. Har da zanen haruffan ajami guda biyu na ƙungiyar SIL, Harmattan da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano. Ana naɗe su sau ɗaya, su yi aiki ko'ina, saboda rubutu ba ruwansa da bit 32 ko 64.

Ma'ana, hajar da ni da ke da kai muke sayarwa tana cikin kayan da suka fi komai sauƙin tafiya a duniyar na'ura. Masu manhaja suna kwana suna gumi don abinsu ya shiga na'ura huɗu. Mu namu ya zo da ikon shiga duka, sai muka bi muka ɗaɗɗaure shi da hannunmu. Bari in lissafa igiyoyin.

Ta farko, kulle littafi a cikin manhaja, kamar yadda muka yi. Ka ɗauki abin da ke shiga ko'ina ka mayar da shi abin da ke zaɓen waya.

Ta biyu, PDF mai faɗin takardar A4, ko kuma hotunan shafuka da aka ɗauka daga allon waya. A kwamfutar marubuci yana da kyau. A ƙaramin allo kuwa mai karatu sai ya ja hagu ya ja dama a kowane layi, ga nauyi, ga cin data. Wadda ta sayi data ta kwana ɗaya ba za ta ƙarar da ita a kan littafinka ba.

Ta uku, tsofaffin haruffa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da haruffan kwamfuta masu lanƙwasa, Rabi'at da Abdalla, ya share wa marubuta da ɗalibai hawaye a lokacin da babu wata mafita a hannu. Allah ya saka masa da alheri. Amma irin waɗannan haruffa na wancan zamani aron gurbin wasu alamomi suke yi. In fayil ya je na'urar da ba ta da su, sai ka ga "}asa" a maimakon ƙasa, "]aya" a maimakon ɗaya. Da harshen masu ƙunshi, littafinka yana dogaro da wani abu da ba ka rubuta a takardarsa ba, ba ka kuma haɗa shi da shi ba. Yau babu wannan uzurin. Tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ kowanne lambarsa ta dindindin, manya da ƙanana, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa.

Ta huɗu, jefar da lanƙwasa gaba ɗaya. Na san asalin wannan ɗabi'a, kuma ba duka lalaci ba ne. A zamanin tes, harafi mai lanƙwasa guda ɗaya yana rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, ga shi yawancin wayoyin lokacin ma ba su da shi. Amma wannan dalilin bai shafi WhatsApp da Facebook da littafi ba. In ka rubuta "ya kare ta", wa ya san ko kāriya ya ba ta ko ƙarar da ita ya yi? Fada da faɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, bata da ɓata: mai karatu ne kake bar wa aikin da ya kamata ka yi. Tun shekarun 1930 aka shigar da waɗannan haruffa cikin boko, lokacin da injin ɗab'i sai an zuba masa harafin ƙarfe. Su sun iya da ƙarfe, mu da taɓa allo ya gagare mu?

Ta biyar, sauti. Da yawa daga cikin iyayenmu mata da ƙannenmu da kunne suke karanta littafi, a ƙaramar waya mai maɓalli. Muryar da ka naɗa a WhatsApp a tsarin opus take fita, irin waɗannan wayoyi kuwa MP3 suka saba da shi. Akwai manhaja kyauta, FFmpeg, da ke juya wannan zuwa wancan cikin daƙiƙoƙi. In ba ka juya ba, ka karanta wa iska.

BA YAU AKA FARA BA A WANNAN ƘASA

Wanda zai ce wannan tunanin na Turawa ne, ya zo mu je Sifawa, nan cikin ƙaramar hukumar Bodinga, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Bodinga. Malaman nan Larabci ne harshen iliminsu, da shi suka rubuta wa malamai 'yan uwansu. Amma ba su tsaya nan ba. Saƙon da suke so makiyayi ya ji, sun tsara shi a waƙe da Fulatanci. Wanda suke so manomi da matar aure su ji, aka mayar da shi Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ƙanenta Isa, sun yi aikin juya waƙoƙi daga wannan harshe zuwa wancan. Ba ta kuma bar su a takarda ba, ta naɗa jajis, mata masu jagorantar 'Yan Taru, suna haddacewa suna kai wa matan ƙauyuka. Ta san su wa take nufi, ta san abin da za su iya ɗauka, ta kuma tanadi hanyar da zai isa gare su.

Haka kuma, marigayi Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, shekaru da dama kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da labarin ƙasa. Ilimin yana cikin littattafan Ingilishi, ɗalibansa kuwa da waƙar Hausa suka fi saurin riƙe abu, sai ya gina musu da awonsu. A garin wannan malamin ne ƙanwata ta kasa buɗe littafina. Ku gaya mini in ba abin kunya ba ne.

AMSOSHIN DA NA SAN ZA A BA NI

Za a ce: ni marubuci ne, ba injiniya ba. Na yarda. Ban ce ka koyi rubuta manhaja ba. Amma a zamanin kamfanin Gaskiya da NNPC a Zariya, akwai edita, akwai mai jera haruffa, akwai mai kai littafi kanti. Yau yawancinmu mu ne duka ukun. Ba ka da damar karɓar kuɗin mawallafi ta asusunka, sannan in an zo aikin mawallafi ka ce kai marubuci ne kawai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Za a ce: ai kowa zai sayi babbar waya nan gaba. Yaushe? Da wane kuɗin, a wannan tsadar? Kuma ko an saya, tsohuwar ba a jefar da ita, ƙane ake ba, ko mata, ko Inna. Waya a gidajenmu gado ake yi da ita. Mai karatun da ya fi kowa lokaci da ƙishirwar labari, sau da yawa shi ke riƙe da wayar da ta fi tsufa a gidan.

Za a ce: in na saki fayil mai sauƙi, za a sace. Wannan ita ce hujja mai nauyi, ita ce ma ta kai mu ga abin da muka yi, don haka ba zan raina ta ba. Gumin marubuci haƙƙinsa ne, mai watsa littafin kuɗi ba da izini ba kuma ya ci haƙƙi. Amma mu duba abin da kullewar ta saya mana. Ɓarawo yana da waya ta biyu da zai ɗauki hoton allo, yana da haƙurin sake bugawa shafi bayan shafi. Ba a jima ba na ga labarai biyu daga kundinmu suna yawo a wani zaure, an cire sunayen marubutan. Ɓarawo ya shiga, mai niyyar biya ce aka bari a waje. In za mu yi maganin sata, mu yi ta hanyar farashin da mutum zai iya, da sauƙin biya, da sa suna da gargaɗi a cikin littafi, da haɗa kai mu kori masu watsawa daga zaurukanmu. Katangar da ta hana mai saye shiga ba tsaro ba ce, hasara ce.

Za a ce: ai akwai dandalin sayar da littattafai, su ke kula da wannan. Madalla, a yi amfani da su. Amma mu tuna OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013, marubutan Hausa da yawa suka yi kasuwa a cikinsa, ya rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023. Dandali yana zuwa yana wucewa. Masu Debian ba abin da aka harhaɗa kaɗai suke ajiyewa ba, suna ajiye tushen da takardar yadda ake gina shi, don duk ranar da sabuwar na'ura ta fito a sake ginawa. Kai ina tushen littafinka yake? In amsar ita ce "yana cikin tsofaffin saƙonnin wani zaure", to ba ka da littafi, aro ka ba WhatsApp.

ABIN DA NAKE KIRA MU YI

Na ɗaya, tushe guda. Kowane littafi ya kasance yana da fayil ɗaya tsaftatacce, da haruffan Unicode, da lanƙwasa cikakkiya, babi-babi a rarrabe. Duk gyara a nan za a yi shi. A ajiye shi wuri biyu aƙalla.

Na biyu, daga wannan tushen a fitar da riga ga kowane jiki: EPUB ga mai Android, don shi rubutunsa yana bin faɗin allo, PDF mai ƙaramin shafi da haruffan a cikinsa, ga wanda ya saba da shi, tsuran rubutu ga mai ƙaramin wuri, MP3 ga mai saurare. Akwai manhaja kyauta mai suna Pandoc, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, ya fara a 2006. Tana karɓar fayil ɗin Word ta fitar da EPUB da umarni guda. Calibre ma tana yi, ita da danne-danne kawai. Mai Ubuntu ko Debian zai same su ta apt, mai Windows ta winget. Ka lura, malamin falsafa ne ya yi Pandoc. Bai ce shi ba injiniya ba ne.

Na uku, in dole sai manhaja, ka yi wa mai haɗawa tambaya uku kafin ka biya. Za ta yi aiki a waya mai bit 32? Wace Android ce mafi tsufa da za ta karɓa? Za ka ba ni cikakken fayil guda da za a iya turawa hannu da hannu, tare da tushen aikin? In ya yi maka kwana-kwana, riƙe kuɗinka.

Na huɗu, gwaji a inda mai karatu yake. Kada a ƙaddamar da komai sai an buɗe shi a waya mafi rauni da za a iya samu. Rumfar mai caji ta fi kowane ɗakin gwaji, don a nan ne za ka ga wayoyin da mutane ke riƙewa da gaske. Daga Sakkwato zuwa Bodinga ba wata tafiya ba ce. Kuɗin motar bai kai na lemon ƙaddamarwa ba.

Na biyar, wannan ga ƙungiyoyinmu ne. A cikin kowace ƙungiya akwai mai kwamfuta ɗaya ko biyu. A ware mutum guda ya zama mai kula da wannan, ya rubuta matakan a takarda da Hausa, yadda in ya tafi bautar ƙasa ko ta yi aure ta bar gari, wani zai ɗauka ya ci gaba. Muna da sakataren kuɗi, muna da jami'in hulɗa da jama'a, amma ba mu da wanda aikinsa shi ne tabbatar da littafi ya buɗu.

Daga baya na zauna na ciro labaran daga manhajar, na mayar da su EPUB. Bai kai nauyin hoto ɗaya na taron ƙaddamarwarmu ba. Na tura wa ƙanwata, ya buɗe nan take. Bayan kwana biyu ta kira ni, ba don ta yaba ba. Cewa ta yi ƙarshen labarina bai yi ma'ana ba, matar da na rubuta ba za ta taɓa yafe wa mijin cikin sauƙi haka ba. Na yi ta musu, amma da na sake karantawa na ga gaskiyarta. Kusan wata uku na hana kaina wannan gyaran saboda layi ɗaya da ba a rubuta ba.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauki babi ɗaya na abin da yake rubutawa, ya tura wa mutumin da ya fi kowa tsohuwar waya a danginsa, ya zauna kusa da shi ya ga yadda zai buɗe. Ku dawo nan ƙasa ku faɗa mana irin wayar da abin da ya faru. Wanda ya maƙale wurin fitar da EPUB ya yi magana, ranar Asabar da dare zan bi ɗaya bayan ɗaya in Allah ya kai mu. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, musamman a kan batun sata, ga fili, ina saurare.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Wassalam.